Mai Ɗinkin Taru a Vigo

Shekara arba'in da ɗaya uwata Maruxa
tana zaune a bakin tashar jiragen kamun kifi,
taru a cinya, allurar katako a hannu,
tana toshe duk inda teku ya ɓarka da dare.

Ran Laraba ta ce kanta ya sara,
sarar da ba ta taɓa jin irinta ba.
Allurar ta faɗi ƙasa. Ba ta sunkuya ba.
A nan cikina ya ɗuri ruwa.

A asibiti, likita Antía Loureiro ta juyo mana da allo:
ga bishiyar jini cikin kan uwata,
baƙaƙen rassa a kan toka,
can a wata mararraba kuma ɗan kumburi
wanda bai kai ƙwayar wake ba,
fatarsa ta sille, har ya soma yoyo.

Na ce, "Za ku buɗe kan ne?"
Ta ce, "A'a. Ta wuyan hannu za mu shiga."

Ta wuyan hannu! Hanyar da ake jin bugun rai.
Suka zura siririn bututu, ya bi jijiya,
ya haura kafaɗa, ya ratsa wuya,
shiru kamar ɓarawo, amma mai kawo kaya.
Likita ba ta kallon uwata, allo take kallo,
yatsunta na murza abin da idonta bai taɓa gani a fili ba.
Zaren ƙarfe mai laushin gashi
ya shiga kumburin, ya naɗe, ya sake naɗewa,
har jini ya zo ƙofa, ya tarar babu masauki,
ya wuce abinsa.

Ni ina waje ina ƙirga tayil,
ruwan sama na dukan taga.

Kwana goma sha shida muka yi.
Tabon bai fi cizon sauro ba.

Ranar sallama uwata ta ce a nuna mata hoton.
Ta sa tabarau, ta matso da fuska,
ta daɗe tana duban ɗan dunƙulen zaren
yadda take duban aikin sabuwar yarinya a tasha.
Sai ta ce, "Ƙullin ba shi da kyan gani."
Ta yi shiru.
"Amma zai riƙe.
Wa ya koya mata?"