Guzurin Gwadabe

Kakana Gwadabe ya baro Haɗeja a ƙafa,
sanda ɗaya, gora ɗaya, da niyyar Makka.
Ya ratsa Barno, ya ratsa Wadai,
takalmin fata uku hanya ta cinye masa
kafin ya wanke fuska da ruwan Nilu a Mai Wurno.
Ya ce damina ɗaya zai yi a nan,
ya haɗa kuɗin jirgin Sawakin, ya wuce.

Damina ta yi albarka.
Sai ya ga ai da jaki tafiya za ta fi sauƙi.
Jaki kuwa sai da harawa,
harawa sai da gona,
gona sai da shinge saboda awakin maƙwabta,
mai shinge kuma bai dace ya kwana shi kaɗai ba.
Ta nan kakata Tasalla ta shigo lissafin guzuri.

Shekara arba'in da ɗaya yana shiri.
Haramin da ya saya tun a Fashir
yana ninke a ƙasan adaka, fari fes.
Ba a warware shi ba
sai ranar da aka yi masa sutura.

Ina saurayi na sha ba da labarin ina dariya.

To ga ni yau.
Akwai tsibiri a tsakiyar kogin nan,
in ruwa ya ja baya yakan bar laka baƙa wuluk,
wadda ko tsinke ka soka sai ya yi saiwa.
Albasa nake so in dasa a can, shi ke nan.
Sai na ce bari in sassaƙa jirgi nawa na kaina.
Na sayi katakon bagaruwa, na jera a rumfa.
Na je Sinnar sau huɗu kallon injuna.
Na cika littafi da zanen hanci da wutsiya,
na raba kwana awa-awa da jan biro,
na wasa gizago har ina ganin haƙorana a ciki.
Da daddare in riƙe waya
ina kallon yadda mutanen wata ƙasa ke lanƙwasa itace.
Ruwa ya ja baya sau biyu.
Sau biyu laka ta bushe ta tsage ba ta gan ni ba.

Shi kuwa tsoho Barmo,
da aron kwalekwale mai yoyo yake hayewa,
hannu ɗaya filafili, hannu ɗaya ƙwaryar kwarfa,
wandonsa jiƙe har kwankwaso.
Jiya ya aiko mana da albasa cikin kwando.

Hindatu tana yankawa, idonta na hawaye,
ba ta ko ɗago kai ba ta ce,
"Baba, wai jirgi kake so ko albasa?"
Kofin jabana yana hannuna har ya huce.
Na duba rumfa, na ga adakar Gwadabe
ta koma katako goma sha biyu.

Ba na zargin tsohon.
Da bai tsaya ba, da babu ni, babu mai yanka albasar,
kuma Allah ya san niyyar da aka ninke.
Amma shi jaki ya haifa masa gida.
Ni gizagona me ya haifa?

Yau da asuba na buga ƙofar Barmo.
Ya ba ni ƙwaryar, ya ce ramin yana wajen ƙafar hagu,
kada in tsaya toshewa, in dai riƙa kwarfewa.
Irin albasa yana ƙulle a bakin rawanina.
Littafin zane na bar wa Hindatu,
akwai sauran shafuka farare da za ta yi lissafi.
Ruwa yana shigowa, sanyi har ƙashi.
Ina kwarfewa, ina duban tsibiri.