Mai Gyaran Laima a Birnin Hull

Shagona taku huɗu ne, a ƙarƙashin gada,
inda jirgin ƙasa ke girgiza mini kofin shayi.
Shekara ashirin ina ɗorin karyayyar laima,
in miƙe ƙarfe, in ɗinke baƙin yadi.

Kakar bara kasuwa ta buɗe mini.
Firaminista ya dawo daga Munik da takarda,
aka ce yaƙi ya fasa zuwa.
Kowa ya so laima irin tasa, baƙa, a naɗe tsaf.
Na yi tafi har tafina ya yi zafi.
Kada ku ga laifina:
na bar ƙanena Cuthbert a taɓon Faransa,
ko takalminsa ba a kawo wa uwarmu ba,
ga ɗana Alwyn, gemu bai gama tsiro ba.
Daren nan Edna ta soya ƙwai huɗu
kamar ranar biki.

Da sanyi ya kama, wani baƙo ya shigo,
Bohumil, malamin makaranta daga tsaunukan Cek,
kwat ɗinsa ta fi shi girma.
Laimarsa ta karye haƙarƙari uku.
Ya ce a kan iyaka ta karye,
ranar da ya ɗora katifa da allon aji a amalanke.

Na ce, malam, haƙuri,
zaman lafiya ai ya fi zama ɗan sarki.
Ya dube ni ta saman tabarau.
Ya ce, haka ne, amma da akuyar wa
kuka sallami kurar?
An yanka garinmu a kan tebur,
mu masu garin muna bakin ƙofa.
Kura kuwa in ta ci ta lashe baki,
hanyar gidan take haddacewa.

Ban ba shi amsa ba.
Na ce ya dawo Talata, kwabo huɗu ne.

Watan Maris aka haɗiye sauran ƙasarsa.
Na ninke jaridar, na shimfiɗa ta ƙarƙashin tukunyar manne.
Sai buhunan yashi suka hau bangon asibiti,
aka tona ramuka inda yara ke buga ƙwallo,
aka raba mana takunkumin roba mai warin taya,
Edna ta saye baƙin yadina duka
ta yi wa tagogi labule.

Yau Lahadi, uku ga Satumba.
Rana ta fito fes, ko gajimare babu.
Sha ɗaya da kwata muryar ta fito a rediyo,
ita ce dai ta bara, amma ta tsufa.
Edna na feraye dankali,
ta ci gaba da feraye guda ɗaya
har ya ƙare a hannunta.
Alwyn ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmi,
ya kwance, ya sāke ɗaurewa.

Na sauko shago, ban san dalili ba.
Laimar Bohumil tana nan rataye a ƙusa,
wata tara bai zo karɓa ba.
Na buɗe ta. Ɗinkin ya yi kyau,
ba digon da zai ratsa.
Na tsaya bakin ƙofa riƙe da ita,
ina kallon sama ta wajen teku,
inda za su ɓullo.