Busa Uku

Dokar kartiyenmu biyu ce, mu muka yanke ta
a gindin dogon yaron ƙofar Malam Nomau:
busa uku gajeru, ɓarawo ne,
busa ɗaya doguwa, ruwa ya zo.

Mu tara ke sintiri a Bagalam.
Ba albashi. Dala ashirin kowane gida ranar Juma'a,
kuɗin batir da ganyen shayi.
Wanda ya hana ma, ba ma tsallake ƙofarsa.

Na ga abin da busa uku ke yi.
Daren da aka kwance akuyar Tsahara,
kafin in cire usur daga baki
lungu ya cika: mai gora, mai taɓarya,
Illa tela da almakashi, ko riga babu.
Har mai ciwon baya ya manta da bayansa.

Na kuma ga abin da busa ɗaya ke yi.
Asabar huɗu muna kiran gayyar yashe kwata,
mu taran muka zo, sai yara biyu 'yan kallo.
Leda ta tsaya wa gada a maƙogwaro.
Kowa ya ce aikin magajin gari ne,
motar magajin gari kuwa ba mai.

Sai daren Laraba, tsakiyar marka.
Wuta ta ɗauke tun isha'i.
Ƙarfe biyu na haska tocila gangare,
na ga ruwa ya bar hanyarsa
yana shinshinar gindin katangar Inna Barira,
katangar laka, jikoki biyar na barci a bayanta.
Can ƙasa Gulbi na gurnani shi kaɗai.

Na sa usur a baki.
Na san doka, da hannuna na rubuta ta.
Na kuma san mutanena.
Na busa uku.

Ƙyaure ya bi ƙyaure.
"Ina yake? Ta ina ya bi?"
Na ce, "Ga shi can yana fasa katanga,"
na haska musu ruwa.

Aka yi shiru, sai ƙarar kwano.
Illa ya zage ni, zagi mai kyau, har kakana.
Arzika ɗan kabu-kabu ya jefar da gora
ya fizge shebur daga hannuna.
Taɓarya ta koma abin zungurar leda.
Mata suka zazzage buhunan gawayi a zaure,
muka ɗura yashi, muka jera.
Jikokin nan hannu ya miƙa wa hannu
har barandar lakwal,
ƙaramar ko farkawa ba ta yi ba.

Gab da kiran assalatu kwata ta yi gyatsa,
ruwa ya tuna hanyarsa.
Ɗaki ɗaya ya zauna ƙasa,
ba kowa ciki sai randa da kwandon kuka.

Da hantsi aka zauna kaina.
Malam Nomau ya ce, "Wanda ya yi ƙarya da usur yau,
gobe wa zai tashi in ya busa?"
Na nemi amsa a ƙasa, ban samu ba.
Tarar jaka ɗaya, usur kuma wata guda a ƙusa.
Inna Barira ta aiko min da fura, ba saƙo.

Da na koma gida na tarar da ƙofata a buɗe.
Salula ta tafi, da takalman idi.
Wani ya ji busa uku ya san inda kowa yake.
Shi ba wanda ya busa masa.

Asabar mai zuwa akwai gayya.
Na ɗauko sabon shebur bashi a babbar kasuwa.
Illa ya ce zai zo. Ya ce.
Hadari na sake haɗuwa a gabas,
ni kuwa sai hannuna ya riƙa kai wa wuya
inda igiyar take.