Hinji Biyu da Bakan Ƙarfe

Davou ya turo ta garejina da hantsi,
ƙaramar jif, ba rufi, ba ƙofa,
jar lakar Bokkos har wuyan taya,
warin buhun dankali bai bar bayanta ba.
Ya ce, "Sallau, gilashi nake so,
irin mai kwanciya in an ce ya kwanta,
ya miƙe in ruwan Agusta ya taso.
In na shiga gona in kwantar da shi a bonet,
in sha iskar Filato da fuskata."

Na ce to. Na ɗauko tef da alli.
Na aiki Tanimu Dilimi da takarda:
hinji biyu, na tagulla in da hali,
roba kamu uku, noti takwas,
kar ka karɓo mai tsatsa ko da kyauta ne.

Aikin gilashi aikin lallashi ne.
Ka matse da yawa, ya tsage kamar ƙwai,
ka sassauta, ya riƙa kaɗa haƙora
kamar baƙon da asuba ta riska a Bukur.
Na huda firam, na goge bakin huda,
na shafa wa roba sabulu, ta shige tana ƙara,
na sa ƙugiya biyu, hagu da dama,
kar rami ya ɗaga shi ya mari mai tuƙi.
Ya kwanta. Ya tashi. Ya sake kwantawa.
Davou na dariya har da tafi.
Ya zaro kuɗi. Na ce mayar tukuna.

"Ina bakan ƙarfe?" Ya ce, "Wane baka?
Ga firam nan tsaye a gabana."
Na kama firam da hannu ɗaya,
na girgiza, ya yi rawa kamar karan dawa.
Na ce, wannan ƙwaro yake tarewa da yayyafi,
ba ya ɗaukar mota in ta juya ciki sama.

Ban so faɗa ba, amma na faɗa.
Maigidana Barau, da ya koya min walda,
irin wannan ce tasa, koriya.
Gangaren Shere, bayan ruwa ya ɗauke,
taya ɗaya ta hau dutse, ɗaya ta sami rami.
Ba gudu yake ba, wallahi, giya ɗaya.
Ta karkata sannu kamar saniya za ta kwanta,
sannan ta wuntsila.
Firam ya naɗe kamar tabarma.
Ni na tsince gilashi daga hularsa.
Ga sufanarsa can, mai lamba sha uku,
a rataye, ban yarda a taɓa ta ba.

Davou ya daɗe yana duban sufanar.
Ya ce, "Nawa ne bututun?"

Kwana biyu muna lanƙwasa ƙarfe,
ba bututun famfo ba, mai kauri,
ƙafafunsa a kan ƙashin motar, ba kan gwangwani ba,
tokara biyu ta baya, ɗaya a gicciye.
Na zaunar da shi, na auna da hannuna,
tsakanin kai da baka sai da tafi ya wuce.
Na ɗaura masa bel. Ya ce yana shaƙe shi.
Na ce, baka ba ya tsare wanda ya fice.
In ta tafi, kar ka fid da hannu ka tare ƙasa,
ƙasa ba ta taruwa. Riƙe sitiyari.
Buhu kuma a ƙasa, kar ka gina hasumiya.
Gangare, fuskantar sa ake yi,
ba a ba shi haƙarƙari.

Ya tafi da la'asar, gilashi a kwance,
baƙin fenti bai gama bushewa ba.
Ran Talata ya aiko da rabin buhu,
da saƙo wai baka ya yi daidai da shanya rigar ruwa.
Na ce Allah ya sa iyakar aikinsa ke nan.
Tanimu, hura wuta, a soya mana.