Kusoshi Huɗu

Fayil na ɗari biyu da sha bakwai ya ce:
Tanimu Jatau, shekara sittin da ɗaya,
karayar cinya, an sa masa ƙarfe ɗan waje,
kusoshi takwas.
Inshora ta biya lakadan, ba ta tsaya taya ba.

Ni kuwa aikina taya bayan kasuwa ta watse.

Na bar kwalta a Jahun, na hau acaɓa,
rairayi ya cinye mana rabin hantsi.
Na same shi a gindin ɗorawa yana kakkaɓe riɗi,
ƙafar dama a miƙe kamar ta aro.

"Daga ina?"
"Daga ofishin masu biya."
Ya dafe cinyar da hannu biyu:
"In bashi ne, ga tunkiya can. Kada ku cire."

Ba cirewa na zo ba, Baba. Ƙirga na zo.

'Yarsa Hassu ta zaro hoton ƙashin
daga ƙarƙashin katifa, cikin ledar burodi.
Na ɗaga shi ga rana.
Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu.
Na goge tabarau da bakin riga, na sake.
Rana ba ta cin hanci. Huɗu.

To ina sauran?
Wataƙila su ke riƙe da kwanon rufin wani a birni.
Lambar da ke kan rasit ma
na taɓa cin karo da ita a fayil ɗin wata mata ta Kiyawa:
ƙarfe ɗaya, mutum biyu,
kamar gonar da aka sayar ba shaidu,
kowa da ɗingishinsa.

"Yana ciwo?" Wannan ba ta cikin tambayoyin ofis.
Ya yi dariya: "Shi ke gaya mini hadari
tun kwaɗi ba su ji labari ba."

Zan rubuta. Asibiti zai yi gardama,
ya ce hannun akawu ne ya zame,
sannan ya dawo da rarar a hankali,
yana cije baki kamar mai cire ƙaya.
Kuɗin zai koma asusu.
Asusu ba shi da cinya.

Ya auna mini riɗi rabin tiya.
Doka ta ce kada in karɓa. Na karɓa.
Ya rako ni taku tara, ya tsaya ya kama darni.

A takardata akwai gurbin abin da aka biya,
akwai gurbin abin da aka sa.
Na juya ta gaba da baya, mai acaɓa na jira,
ban ga inda zan rubuta taku tara ba.