Baki Biyu a Garin Malam

A bayan garejin Nomau, can Garin Malam,
injuna biyu ke cin itace.
Ni ne mai ba su a baki.

Tsohon, sarƙa ke jan abincinsa,
sarƙa da kurwa da haƙoran ƙarfe.
Ka ba shi tsinken sabara, ka ba shi cinyar bedi,
fizga ɗaya ce.
Bai san dakata ba,
bai san mayarwa ba.
Abin da ya kama ya zama nasa.
Tambayi Mutari,
mai ƙirga ladan yininsa da yatsu takwas.

Sabon kuwa mai ke tura shi,
jan mai kamar zoɓo a cikin tiyo.
In reshe ya yi kauri sai ya numfasa,
ya ɗan ja da baya,
ya sake kamawa a hankali
kamar tsohuwa da ƙashin kai.
Akwai sanda a gefen bakinsa,
ka buge ta da gwiwa ya tofar da abin da ya ci.
Ranar da ƙayar aduwa ta riƙe mini hannun riga
gwiwata ce ta yi magana kafin bakina.

Sai ga shi ran Alhamis tiyon ya fashe.
Mai ya malala, rairayi ya shanye
jikka goma sha biyu a gaban idon Nomau.
Mun zaga Kasuwar Dole rumfa-rumfa,
kowa ya juya bakin tiyon, ya miƙo mana:
sai Kano.
Direban da aka ba sautu ya ce jibi.
Yau jibinsa kwana goma sha tara.

Tsohon, in sarƙarsa ta tsinke
mai gyaran babur na tsallaken titi
zai ɗinke ta kafin shayi ya huce.

Masu lambu daga Mirya suna jiran buhunansu,
dusar itace ba ta jiran Kano.
Nomau ya ce, tada tsohon.

Shi da littafi yake lissafi,
kuma ban ga kuskure a lissafinsa ba.

Na tuɓe riga, na rataye a ƙusa.
Na sami sanda mai baki biyu, doguwa,
na tsaya nesa gwargwadon tsawonta.
Mutari na miƙo rassa, bai ce komai ba.

Da magariba, wajen alwala,
na tsinci kaina ina wanke su ɗaya-ɗaya.
Goma.