Ƙwarya

Mun raɗa wa rediyonmu suna Ƙwarya.
Ɗaki ɗaya ne, saman shagon tela a Ƙofar Sauri,
bargo biyu a bango don kashe amo,
janareta na tari a ƙasa.

Sai Ramlatu ta aiko da 'yar sifika,
baƙa, kamar curin fura,
wai magana take ji, ba a murɗa ta.

Na ce, "Kunna Ƙwarya."
Ta sako mini kiɗan Koriya.

Dare tara ina cike fom,
data na ƙonewa kamar kananzir,
ina jera mata sunan:
kwarya, kuwarya, kwariya.
Ƙugiyar harafinmu ta maƙale mata a wuya.

Ran Laraba na kai wa Baba Mani,
wanda yanar ido ta raba da allurar rediyo.
"Mi zan ce mata?"
"Sunan kawai."

Ya gyara murya kamar mai sallama a zaure.
Shuɗin haske ya kewaya.
Shiru.
Sai ga Dikko yana faɗin farashin gero a kasuwar Mashi.

Baba ya matso da kunne.
"Ƙarya yake. Ya hi haka tsada."